Mai kawo agaji daga waje, ina iyakar ikonsa a kan al'adar mutanen gari?

Jami'ar Fili ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje, wadda ba zan ambaci sunanta ba, a wata ƙaramar hukuma ta arewa maso yammacin Nijeriya. Aikinmu shi ne ba iyaye mata masu ciki da masu shayarwa tallafin kuɗi kowane wata, domin rage tamowa a tsakanin ƙananan yara. Shirin yana da sharuɗɗa: katin karɓar kuɗi da sunan matar za a yi shi, za a ɗauki hotonta lokacin rajista, kuma dole ta riƙa halartar zaman faɗakarwa inda ake bayani a kan shayarwa da abincin yara da tazarar haihuwa. Wadda ta daina zuwa zaman, ana dakatar da kuɗinta.

A yawancin garuruwa an karɓa ba tare da gardama ba, amma a wani ƙauye dagaci da limamin gari da magidanta sun zauna sun ba mu amsa ɗaya. Sun ce ba su yarda ma'aikatanmu maza su shiga gidajensu ba, ba su yarda a ɗauki hoton matansu ba, ba sa son zancen tazarar haihuwa, kuma suna so a rubuta katin da sunan maigida tunda shi ne mai ciyarwa. Da na kai rahoto ofis, sai aka ce sharuɗɗan daga wurin masu ba da kuɗin suka zo, ba za a taɓa ko ɗaya ba, kuma idan ƙauyen bai yarda ba a tsallake shi a tafi na gaba. Ni kuma na auna damtsen yaran ƙauyen da hannuna, na san yawan waɗanda ma'aunin ya nuna ja, wato masu tamowa mai tsanani.

Tambayata ita ce: wanda ya kawo dukiyarsa daga nesa domin ya taimaka, yana da haƙƙin gindaya sharaɗin da zai sauya yadda mutane suke tafiyar da gidajensu? Idan kuma aka ce a mutunta al'ada, shin hakan yana nufin a bi duk abin da shugabannin gari suka faɗa, ko da yara ne za su cutu? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni ganin irin wannan.

Malamin Asibiti Mai Ritaya, Kano, ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin a yi wa mutanen ƙauyen nan hukunci, ya kamata ofishinku ya tambayi kansa daga ina zarginsu ya samo asali, domin ruwa ba ya tsami banza. Mu da muka yi aikin lafiya a Kano mun ga yadda aka shuka wannan zargi, mun kuma ga abin da ya haifar.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta kashe mutane sama da dubu goma. A tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka saka a gwajin, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma aka ba su wani da aka riga aka sani, kuma yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi kisan, kuma an nemi yardar iyaye da baki, su kuwa iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka magani kawai aka kawo musu kamar yadda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, wato Likitoci Marasa Iyaka, suke bayarwa a cikin harabar asibitin. Labarin bai fito fili sosai ba sai a ƙarshen shekarar 2000 da jaridar Washington Post ta bankaɗo shi, sannan sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Uban da ya ji wannan labari a rediyo, ba za a ce masa jahili ba don ya yi tambaya a kan abin da baƙo ya kawo kyauta.

Saboda haka da aka shiga 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, kuma Dokta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci ya fito ya ce ana zargin maganin shan inna da sinadarin hana haihuwa, maganar ta sami kunnuwa a buɗe. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba, domin ɓarnar da ya jawo babba ce: cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indunusiya, kuma a 2006 Nijeriya kaɗai ta sami yara sama da dubu ɗaya da suka shanye. Amma abin da magidanta suke faɗa mana a ƙofar gida ba zancen sinadari ba ne kawai. Cewa suke yi, ɗana ya yi ƙyanda ya mutu ba wanda ya zo, matata ta yi zazzaɓin cizon sauro na je asibiti an rubuta mini magani in saya da kuɗina, to me ya sa wannan ciwo ɗaya kaɗai ake bin mu da maganinsa har ɗaki, wata bayan wata, ba a karɓar ko kwabo? Ba mu da amsa mai gamsarwa, domin gaskiyar ita ce shan inna shi ne abin da duniya ta sa a gaba, ba shi ne abin da ya fi kashe 'ya'yansu ba.

Abin da ya gyara lamarin ba tilasci ba ne, ko da yake an gwada tilascin. A watan Yulin 2004 Kano ta koma rigakafi bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, kuma daga baya aka ɗiga wa 'yar gwamnan maganin a bainar jama'a. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, sai aikin ya sauko ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa da aka sani da iyayensu su riƙa shiga gidaje, aka shigar da waɗanda cutar ta nakasa su yi magana da bakinsu, aka kuma fara kafa sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani tare da rigakafin. Hanyar ba ta rasa jini ba, domin a watan Fabrairun 2013 an harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Duk da haka a 2016 aka ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Ba maganin ne ya fi sauyawa ba, 'yata, masu kai shi ne suka sauya hali. Shawarata ita ce kada ku tsallake ƙauyen. Ku koma ta hannun hakimi, ku karɓi abin da suka nema a inda ba zai cutar da yara ba, domin dagacin da aka raina yau shi ne za a nema gobe idan annoba ta ɓulla.

Ungozoma daga Katsina ta amsa:

Baba, na karanta bayaninka kuma na ƙaru, amma ka yi mini izini in saɓa maka a wuri ɗaya. Jami'ar ta ce dagaci da liman da magidanta sun zauna sun ba da amsa ɗaya. Ban ji an ce an tambayi mace ko ɗaya ba, alhali kuwa kuɗin nata ne, cikin nata ne, kuma ita ce za ta kwana da yaron da ya ƙi cin abinci. Idan aka ce mutanen gari sun ƙi, ya kamata a san wane ne ya yi magana da sunan gari. Sau da yawa baƙi suna zuwa da niyyar mutunta al'ada, sai su zauna a ƙofar fada su saurari maza, su koma su rubuta cewa al'umma ta yanke shawara, kuma da wannan ladabi nasu su ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Na yi shekaru ina karɓar haihuwa, kuma na ga abin da ake kira al'ada yana ƙarewa a kan gadon tiyata. Yarinya ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki saboda maigida ya yi tafiya kuma ba wanda zai ba da izinin fita da ita, ko kuma a kira wanzami ya yi mata yankan gishiri, ƙarshenta jariri ya mutu ita kuma ta kamu da yoyon fitsari, miji ya sake ta, ta koma gidan iyaye tana ɓuya saboda wari. Wanda ya ce a ƙyale wannan don girmama al'ada, ba yarinyar ya girmama ba. Duk da haka, abin da ya taimaki waɗannan mata a wurinmu baƙo ne ya fara shi, wato Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, wanda ya zo asibitin Babbar Ruga a farkon shekarun 1980 domin aikin kuturta, ya tarar da matan da ke yoyo ba mai kula da su, ya koma yi musu ɗinki. Ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa masu yawa. Bai fara da yi wa mutane huɗuba a kan auren wuri ba. Ya zauna shekaru yana warkar da 'ya'yansu, kuma matan da suka warke suka koma ƙauyukansu su ne suka riƙa gaya wa 'yan uwansu cewa doguwar naƙuda ce ke jawo ciwon, ba aljanu ba.

Don haka ƙanwata, buƙatun nan huɗu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kuskuren ofishinku shi ne ɗaure su a igiya guda. Maganar hana maza shiga gida gaskiya ce tsantsa, kuma abin kunya ne a ce ƙungiya ta zo ƙasar Hausa ba ta san abin da ake nufi da ba a shiga ba. A ɗauki mata su yi rajistar, a gama. Hoto ma ana iya maye gurbinsa da zanen yatsa ko shaidar mai unguwa da ungozomar gari, kuma ni kaina ba na son yadda hotunan matanmu riƙe da yara masu tamowa suke yawo a takardun neman kuɗi a Turai, ba tare da matar ta san inda fuskarta ta kai ba. Amma katin, kada ki yarda ya bar hannun mace. Wannan ba baƙuwar aƙida ba ce. Matar Bahaushe tun fil azal tana da dukiyarta daban da ta miji: tana yin ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula a cikin kulle, tana zubin adashi, tana kiwon akuyarta, sadakinta nata ne, kuma miji mai mutunci ba ya taɓa kuɗin sana'arta sai da rance. A gidan da ke da mata biyu ko uku, idan kuɗin ya shiga aljihun maigida, wa zai tabbatar ya isa ga ɗakin da yaron yake? Ki nemi uwargidan dagaci da tsofaffin mata da malamar Islamiyya, ki zauna da su a cikin gida ba tare da namiji ba, ki ji abin da za su ce.

Manomi daga Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya da mai tambaya. Mu a Nijar mun daɗe muna zama da masu agaji, har yaro a Maraɗi ya san farar mota mai tuta kafin ya san motar gwamnati, saboda haka ina da abin cewa game da sharaɗi.

A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM, yana cikin masu ƙoƙarin dashen itatuwa a jiharmu, kuma galibin abin da ake dasawa mutuwa yake yi saboda iska da dabbobi da ƙarancin ruwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manomi ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Mu muna kiran wannan sassaben zamani. A lokacin ana ganin manomi na ƙwarai shi ne mai gona fes babu ko kututture, kuma dokar gandun daji ta sa itace mallakar gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji zai iya cin tarar mutum don ya sare reshe a gonarsa, don haka babu mai sha'awar renon abin da ba nasa ba.

Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Mutane suka bi, domin cikin da ke da yunwa ba ya gardama. Amma da abincin ya ƙare, mafi yawansu suka ɗauki gatari suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari kaɗan ne, kuma su ne maƙwabta suka ga suna samun itacen girki da abincin dabbobi, suka ga hatsi ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, iska kuma ba ta binne shuka da rairayi. Daga nan abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, musamman da hukuma ta sassauta aka fara barin mutum ya mori itacen gonarsa, har masu bincike suka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Sharaɗin ya sa mutane sun gwada, wannan ba zan musa ba, amma abin da aka yi don a karɓi buhu ya tafi tare da buhun. Matan da za su zauna a zaman faɗakarwarku don tsoron a yanke musu kuɗi, za su zauna, su kaɗa kai, su tashi. A jihar Damagaram an bi wata hanyar da makarantun mazaje da aka kafa tare da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta da ake ganin girmansu suke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su kuma ja hankalin sauran maza. Tunda maza ne suka ƙi a ƙauyenku, me ya sa shirin bai tanadi zama da su ba?

Akwai kuma wani gefen da nake so Baba ya duba, domin kiran a mutunta mu shi ma ana iya fakewa da shi. A 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin 2004, farashin tiyar hatsi ya fi ƙarfin talaka, alhali kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Gwamnati da manyan masu ba da tallafi suka jinkirta rabon abinci kyauta, suka tsaya a kan sayarwa da rahusa don kada a ɓata kasuwa. Shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa a ƙasar, ya zargi ƙungiyoyi da ƙara gishiri don su tara kuɗi, a daidai lokacin da MSF take jinyar dubban yara masu tamowa a Maraɗi. A 2008 kuma aka dakatar da reshen MSF na Faransa daga aiki a jihar. A maganar Tandja akwai ƙanshin gaskiya, domin an nuna mu a talabijin ɗin duniya kamar mutanen da ba su san noma ba, kuma wannan ya yi mana ciwo. Sai dai uwar da aka rufe wa cibiyar jinya ba ta ci martabar ƙasa ta ƙoshi ba. A 'yan shekarun nan ma an janye izinin ƙungiyar agaji ta Faransa mai suna ACTED a 2024, aka umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya, wato ICRC, ta bar ƙasar a 2025, kuma a Nijeriya sojoji sun rufe ofisoshin wasu ƙungiyoyi biyu a arewa maso gabas a 2019 kafin a sake buɗe su. Kowace hukuma tana da dalilinta, amma duk lokacin da baƙo da mai mulki suka yi rigima, ba a kiran mai karɓar agajin a tambaye shi.

Malamin Islamiyya, Zariya, ya amsa:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni. Zan taƙaita a kan abin da ya shafi addini, tunda da shi liman zai kafa hujja. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara, aya ta 263 da ta 264, ya nuna cewa magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita, ya kuma hana ɓata sadaka da gori. Wannan shi ne ma'aunin da mutanenmu suke auna mai kyauta da shi, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Jera mabuƙata a rana, da ɗaukar hotonsu suna miƙa hannu, da yi musu barazanar yanke tallafi, duk suna kusa da abin da ayar ta hana, ko da niyyar mai bayarwa kyakkyawa ce.

Amma malamai sun kafa ƙa'idoji biyu da suke tafiya tare: al'ada abar yin hukunci da ita ce, kuma babu cuta babu cutarwa. Idan suka ci karo, al'ada ce take ja da baya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga mazan da suke barin matansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jajis suke kai karatu ga matan karkara har cikin gidajensu. Ke nan gyaran al'ada daga ciki ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, kuma ilmantar da mace a ɗakinta ta bakin 'yar uwarta mace hanya ce da muka gada. Game da katin, Hajiya ta yi daidai: kyautar da aka yi wa mace mallakinta ce a shari'a, kuma ba ta sauke wa miji nauyin ciyarwa. Game da tazarar haihuwa, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kuma malamai da yawa sun halatta jinkirta ciki saboda lafiyar uwa da ɗa idan ma'aurata sun yarda, abin da suka ƙi shi ne yanke haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba. Ki nemi malamin da limamin ƙauyen yake girmamawa, ya je su yi magana a keɓe, ba a gaban jama'a ba, domin kada a tilasta masa kare matsayinsa saboda kunya.

Tsohon Akawun Ƙungiyar Agaji ya amsa:

Ƙanwata, na yi aiki a ɓangaren kuɗi na irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma ina so ki san cewa kalmar da aka gaya miki, wai ba za a taɓa sharaɗi ko ɗaya ba, sau da yawa ba haka take a takarda ba. Abin da mai ba da kuɗi yake nema shi ne hujjar cewa kuɗin ya isa ga mutum na gaskiya ba sunan bogi ba, da kuma alƙaluman da zai nuna wa majalisar ƙasarsa, domin kuɗin harajin mutanensu ne kuma suna da haƙƙin tambaya. Hoto hanya ce ɗaya ta kafa wannan hujja, ba ita kaɗai ba. Ana iya rubuta wa mai ba da kuɗin takardar neman sauyi a bayyana dalili, kuma irin wannan buƙata ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Abin da yake hana ofis rubutawa shi ne tsoron a ga kamar shirin yana da matsala lokacin da ake neman sabunta kwangila, kuma tsallake ƙauye ɗaya ya fi sauƙi, tunda adadin da aka yi alkawari zai cika a ƙauyen gaba.

Asalin matsalar ita ce inda ake zana shirin. Ana rubuta shi a Abuja ko Landan ko Washington watanni kafin a taka ƙauyen, sannan a kira taron da ake ce wa tuntuɓar al'umma bayan an riga an sa hannu. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agajin gaggawa zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko, kuma ba a kai ko kusa da haka ba. Sannan a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, daga baya ta rushe hukumarta ta ba da agaji, wato USAID, cibiyoyin tamowa da dama a arewa maso gabas suka rufe ko suka rage aiki ba tare da an shawarci kowa a nan ba. Ni a ganina wannan ya fi ɗaukar hoto zama rashin mutuntawa, wato a saba wa mutane da abu sannan a janye shi dare ɗaya. Amma kaso mai yawa na laifin yana kan gwamnatocinmu, waɗanda suka sa hannu a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, suka bar abincin yaro mai tamowa a hannun baƙo.

Abin da zan ba ki shawara shi ne ki rubuta rahoto, kada ki tsaya a maganar baki. Ki sa adadin yaran da ma'auni ya nuna ja, ki raba buƙatun ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, ki nuna waɗanda za a iya biya ba tare da ƙarin kuɗi ba, wato mata masu rajista da zanen yatsa a madadin hoto, ki ba da shawarar a mayar da zaman tazarar haihuwa na ganin dama tare da buɗe zaman magidanta, ki kuma bayyana cewa katin zai ci gaba da zama da sunan mace da dalilan da Hajiya da Malam suka kawo. Ki aika wa shugaban shirin, ki sa jami'in kare haƙƙin masu amfana a kwafi, domin kusan kowace babbar ƙungiya tana da wannan ofis kuma wajibi ne ya amsa a rubuce. Kafin amsar ta zo, yaran da suka riga suka shiga ja ba sa cikin wannan jayayya: ki tura su cibiyar kula da tamowa mafi kusa ta hannun ma'aikacin lafiya na mazaɓar, tunda wannan ba ya buƙatar kati ko hoto.